Cin Ɗan Dako, Zaman Mai Shago

Duk wanda ya ce da ɗan Kwari ya koma cin abincin gida idan yana son rage teɓa, to bai san Kantin Kwari ba. Mutum zai fito daga Kurna ko Hotoro ko Ɗorayi tun da hantsi, ba zai sake ganin ƙofar gidansa ba sai bayan magariba. Duk abin da ya shiga cikinsa a tsakanin nan, hannun wani ne ya dafa, idon wani ne ya auna mai da gishiri. Akwai waɗanda ake aiko wa da kula daga gida, amma ko su ɗin, a tsakiya ake ajiye kular, a haɗa ta da na saye. Shi ya sa shawarwarin rage ƙiba da ke yawo a waya ba su cika yi mana amfani ba. An rubuta su ne don mai madafi a kusa da shi da ma'auni a hannu. Mu kuwa tambayarmu daban ce: mutumin da zai ci abincin waje sau biyu a rana, yau da gobe, har iyakar zamansa a kasuwa, ta yaya zai rage jiki, kuma ragin ya ɗore?

Atamfa da leshi nake sayarwa. Shekarata 22 a kasuwar nan, na shigo ina yaron shago mai naɗe turmi da share ƙura, yau ina da nawa shagon. A layinmu, mu biyar ne muke haɗa hannu bayan azahar. Kowa ya miƙa abin da ya sauwaƙa, a aiki yaro wajen mai abinci, a juye a babban tire. Yau garau-garau da mai da yaji, gobe ɗan wake, jibi gurasa bandashe ko tuwon shinkafa da miyar taushe. Wanda bai zauna a kasuwa ba zai ɗauka cin abinci ne kawai. A bakin tiren nan ake jin nawa dala ta kwana a Wapa, da wace kwantena ce ta maƙale a Legas, da wane dillali ne ya fara wasa da amana. A nan ake sasanta rigima, a nan ake neman a ɗaga wa mutum ƙafa kan bashi. Wanda ya janye hannunsa daga tire ya koma lungun shago da 'yar robarsa, ya janye kunnensa daga kasuwa. Dama Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Ga kuma baƙi. Abokin ciniki zai taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Injamena, ya zauna a kan bencinka zai zaɓi kayan miliyoyi. Kafin a buɗe turmi ɗaya ka aika an kawo lemo mai sanyi, kuma kara ba ta barin ka ka zuba masa ido yana sha shi kaɗai. Ranar da kasuwa ta yi kyau, baƙi huɗu kwalba huɗu ke nan a cikin mai shago.

Sannan a wajenmu tumbi shaida ne. Idan aka ga ya fara turo gaban riga sai a ce Alhaji ya samu duniya, hankali ya kwanta. Mai kaya ya fi sakin jiki ya ba mai tumbi bashi. Rama kuwa fassara biyu gare ta a kasuwa, ko ciwo ko karayar arziki, kuma babu wadda ɗan kasuwa yake so a jingina masa. A garin da har yanzu ake saya wa amarya ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe don ta cika ido ranar biki, wanda ya ce yana neman ragewa sai an kalle shi sau biyu.

Abin da ya sa na shiga wannan hanya duk da haka, maigidana ne, wanda ya sallame ni ya ba ni jari. Ciwon suga ya yi shekaru yana cin sa a tsaye. Da fari ido ne ya raunana, har ya zama sai na karanta masa lissafi. Daga baya wani ɗan gyambo ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, aka cire yatsan, bayan wani lokaci aka cire ƙafar. Mutumin da yake zaga kasuwar nan kamar ya haddace ta, ya ƙare a kan keken guragu yana tambayar mu labarin layi. Allah ya jiƙansa da rahama. Ba kowane mai ƙiba ne yake kamuwa da suga ba, akwai gado a ciki, kuma siriri ma yana kamuwa. Amma kitsen da ke taruwa a ciki yana daga manyan ƙofofin ciwon, shi da hawan jini. Kuma tire ɗaya muka yi shekaru muna ci da shi.

Telana a Fagge yake, shi yake min ɗinki tun ina saurayi, kuma yana da wani tsohon littafi da yake rubuta awon kowa. Gab da wata sallah ya zagaya tef a cikina, ya duba littafin, ya ce, "Alhaji, bana ma sai mun ƙara inci biyu." Na karɓi littafin na bi shafina da ido. Tsawo yana nan inda yake, hannu yana nan, ƙugu ne kawai yake hawa shekara bayan shekara. Akwai wani awo mai sauƙi da masana lafiya suke bayarwa: kada zagayen ƙugun mutum ya wuce rabin tsawonsa. Ba ya buƙatar sikeli, ko igiyar ɗaure dila ta isa. Ka auna tsawonka da ita, ka ninka ta biyu, ka ga ko za ta zagaye cikinka daidai saman cibiya. Tsawona inci 68 ne, rabinsa 34. Tef ɗin tela ya nuna 44.

A asibiti sikeli ya ce kilo 98, likita kuma ta ce sugana yana bakin gaɓa, bai faɗa ba tukuna. Ba ta ce na koma kamar yadda nake ina ɗan shekara 20 ba. Cewa ta yi na nemi rage kilo 5 zuwa 7 a cikin kowane 100, na kuma riƙa tafiyar ƙafa. Ta ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, kan mutane irina da ke bakin gaɓar suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Na fito ina lissafi irin namu. Kilo bakwai ba dutse ba ne.

Abin da ya fara buɗe min ido ɗan dako ne. Ka dubi masu ɗaukar dila daga bakin mota zuwa sito a saman bene. Wajen mai abinci ɗaya muke saye da su, tulin shinkafarsu ma ya fi namu, amma ba za ka ga tumbi a jikin ko ɗaya ba. Abincin kasuwa don su aka tsara shi: shinkafa mai yawa, mai mai yawa, ya riƙe ciki, ya ba da ƙarfi, ya yi arha. Mu ma da shi muka tashi lokacin da muke yaran shago, muna gudu daga sito zuwa tasha. Da Allah ya ɗaga mu muka samu kujera da fanka, gudun ya tsaya, kwanon bai canza ba. Muna cin ɗan dako, muna zaman mai shago. Da na gane haka sai na daina ganin laifin mai abinci, na kuma yanke cewa ba zan bar tire ba. Abin da ke cikinsa da abin da ke gefensa zan taɓa, kaɗan-kaɗan.

Da kwalba na fara, don ita ce ɓarawon da ba ya ƙara. Kwalbar lemo mai gas ta santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan adadin shi ne iyakar abin da babban mutum ya kamata ya sha a yini guda, idan ma ya tsaya a rabinsa ya fi. Wato kwalba ɗaya ta cinye rabon yini, kuma ba ta rage yunwa ko kaɗan. Gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a 2022, amma ban ga wanda naira goma ta hana shi sha a Kwari ba. Lemon malt da ake ɗauka abin gina jiki ne, shi ma sukari ne fal. Zoɓo da kunun aya da fura na gida ne, sai dai hannun mai damawa ba ya tausayin sukari. Ban daina karrama baƙo ba. Nakan sa a kawo masa lemonsa, ni kuma na ɗauki ruwa mai sanyi mu sha tare. Abin da baƙo yake so shi ne kada a bar shi yana sha shi kaɗai, bai damu da launin abin da ke hannunka ba. Mai fura kuma ta saba da ni, da ta hango ni sai ta ce, "Na ba-sukari ko, Alhaji?"

Na biyu mai ne. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na shinkafa ko nama maras kitse bai wuce rabin haka ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. To ka tuna yadda ake kwarara shi da ludayi a kan garau-garau da ɗan wake, har ya kwanta a gindin tire. Ranar da na je da kaina wajen Hajiyar da muke saye a hannunta na ce ta riƙa zuba mana mai a 'yar roba daban, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Alhaji, wani abu aka ce man nawa ya yi?"

"Babu abin da ya yi, Hajiya. Daɗinsa ne ya yi yawa, likita ta ce na ja baya."

"To Allah ya ba da lafiya. Amma kada a je a ce ni na yi rowa."

Wannan magana tata ita ce sirrin gidan abinci gaba ɗaya. Mai abinci tana cika mai ne don kada a ce ta yi rowa, mai saye yana cinyewa don kada a ce ya raina. Kowa yana kare mutuncinsa, ciki yana biya. Da aka ware man gefe, kowa a tire yana zuba wa gabansa yadda yake so, babu wanda aka takura.

Na uku shi ne yadda muke yin oda. Mu da kuɗi muke sayen abinci, ba da awo ba: zuba min na kaza. Idan ka faɗi kuɗi ka yi shiru, mai abinci za ta cika kwanon da abin da ya fi arha, wato shinkafa. Sai na koyi ƙara magana a bayan kuɗin. Wake ya fi shinkafa yawa. A ƙara kabeji da latas da tumatir. A sa ƙwai ko kifi. Masana suna cewa rabin faranti ya zama ganye, kwata nama ko kifi ko wake, kwata tuwo ko shinkafa. A Kwari ba kullum ake samun haka cif-cif ba, amma masu kwaɗon zogale da rama suna zagayawa, ga masu yalo da gurji da kankana a baro. Nakan sa a kawo kwaɗo na fara da shi kafin na kai hannu tire. Kuma ina ci a hankali, don ƙoshi ba ya isowa tare da loma, yana biyo ta ne a baya. Tun muna makarantar allo aka koya mana raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, kasuwa ce ta mantar da mu. Idan na ji na kusa, sai na yi hamdala na wanke hannu, amma ba na tashi. Al'adarmu ba ta tilasta wa wanda ya wanke hannu ya mayar, kuma hirar da ita ce dalilin zaman ba ta wuce ni.

Wani lokacin baƙo daga kudu yakan so a kai shi Sabon Gari, inda ake samun sakwara da amala da teba. A can malmala biyu ake kawowa ba tare da an tambaye ka ba. Nakan ce ɗaya ta isa, a cika min miyar ganye, ko na nemi farfesun kifi. A gidajen abinci na zamani masu sanyin na'ura kuwa, inda komai soyayye ne, daga shinkafa har kaza har dankali, nakan nemi gasasshe, na ce kada a lafta min mayonis. Idan faranti ya zo kamar na mutum biyu, tun kafin na fara nake sa a raba a juye rabi a roba. Abin da ke gaban mutum shi yake cinyewa, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. Rabin nan yaron shago ba ya ƙin sa.

Dare ma yana da nasa tarkon. An tashi kasuwa a gajiye, ga mai shayi da gwangwanin madara da tulin sukari da indomi, ga mai tsire yana kaɗa wuta. Ban haramta wa kaina ko ɗaya ba. Shayi dai ƙwayar sukari ɗaya, tsire kuma na ce a zaɓo min tsoka a bar kitse, a cika albasa, a rage yaji. Yajin tsire da kilishi gishiri ne da dunƙulen ɗanɗano, alhali abin da aka yarje wa mutum a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Mai hawan jini ya fi kowa buƙatar tuna wannan.

Wani maƙwabcina a layi ya ga na fara sauka sai ya ce hanyata ta yi nisa. Ya sayi wani shayin rage teɓa da ake tallarsa a WhatsApp, ya daina cin rana gaba ɗaya. Cikin mako uku ya zube, ido ya faɗa, yana zarya tsakanin shago da bayan gida. Yawancin irin wannan shayi maganin gudawa ne ko na fitsari, ruwan jiki yake kwashewa, kitse yana nan zaune. Bai kai wata biyu ba ya gaji, ya dawo tire da yunwar da ya tara, jikin ya dawo har da ƙari. Ɗan kasuwa ya san bambancin ciniki da riba. Kilon da ka zubar ciniki ne, wanda ka hana shi dawowa bayan shekara shi ne riba. Likitoci suna cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, ni nawa bai ma kai haka ba. Ma'aunin da nake gwada kowace dabara da shi guda ɗaya ne: zan iya yin wannan har shekara goma, a cikin kasuwar nan, tare da mutanen nan? Idan amsar a'a ce, ba na farawa. Wanda kuma yake shan maganin suga ko allurarsa, kada ya tsallake abinci da ra'ayin kansa sai ya ji ta bakin likita, don sugan yana iya faɗuwa ya kayar da shi.

Tafiyar ƙafa ma a cikin harkar kasuwa na cusa ta. Saƙon da nakan aiki yaro Singa ko kasuwar Sabon Gari, yanzu sau da yawa ni nake zuwa. Nakan sauka daga adaidaita sahu tun kafin a shiga cunkoson bakin kasuwa na ƙarasa a ƙafa, wani lokacin ma na riga shi isa. Minti 30 a rana, kwana biyar, shi ne minti 150 ɗin da aka ce. Lokacin zafin bazara kuma bayan asuba nake yi a unguwa.

Watan azumi shi ne jarrabawa mafi girma, don shi ne kakar Kwari. Ana cinikin kayan sallah har dare, a shago ake shan ruwa, ga ƙosai ga soyayyen dankali ga kunu ga lemo da ƙanƙara. Mutane da yawa suna fita daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi. Ni dabino da ruwa da kankana nake fara sha, na yi sallah, sannan na ci abinci ɗaya sosai. Ranar sallah da ranar biki kuwa ina cin abin da aka ci, har waina da naman kai. Yini ɗaya ba ya gina tumbi, kamar yadda yini ɗaya ba ya rushe shi.

Ban ce abin babu tsada ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, yankan naman mai abinci ya ƙanƙance, shinkafa ce take cike gurbin. Ga yaron shago da ɗan tebur, cewa a ƙara kifi magana ce ta mai ƙoshi. Amma wake da alala da dafaffen ƙwai da gyaɗa ba su fi ƙarfin kowa ba, ruwa ya fi lemo arha, kuma kuɗin kwalba biyu da aka bari yana sayen kwaɗo har da canji.

Cikin shekara ɗaya da rabi na sauko zuwa kilo 87, ƙugu ya koma 39. Ban kai rabin tsawona ba har yanzu, amma sugana ya ja da baya daga gaɓa, gwiwa ta daina ƙara idan na hau bene, kuma nauyin ya shekara bai motsa ba. Surutu kam na sha shi. Mahaifiyata ta kira maiɗakina gefe ta tambaye ta ko lafiya muke zaune. Wani dillali ya ja ni bayan shago ya ce, "Alhaji, idan wani abu ne ya taɓa jari ka faɗa min, ba za a ji ba." Na gode masa, don ƙauna ce ta sa shi. Tsoronsu ma yana da tushe, domin ramar da ta zo wa mutum ba tare da ya neme ta ba alama ce ta a je asibiti. Tawa ni na neme ta. Yanzu mutum biyu a tirenmu ruwa suke sha, robar mai kuma takan koma wajen Hajiya da saura.

Akwai yaro a shagona, shekararsa 19, siriri kamar sanda, yana iya cinye kwano biyu ya ɗauki dila ya hau bene da gudu. Ba na hana shi ci, yanzu lokacinsa ne. Amma in Allah ya yarda nan da 'yan shekaru zan sallame shi, ya samu nasa shagon da kujerarsa da fankarsa, gudun ya tsaya. Maigidana ya ba ni jari, ya koya min gane atamfa ta gaske da taɓin hannu, ya koya min wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Duk zan miƙa wa yaron nan. Zan kuma ƙara masa da ɗaya: ranar da ya fara zama, ya tashi da kansa ya je wajen mai abinci ya ce a zuba masa mai a gefe.